Katin Bashi da Ya Kwanta, da Makin Amana a Ƙasar Amurka

Kowa a cikinmu ya san bashi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai kanti yakan ba mutum sabulu da kananzir, ya ce a biya ran kasuwa. Amma ba kowa yake ba wa ba. Sai wanda ya sani, wanda ya gwada ya ga yana cika alkawari. In ka biya yau, gobe ka koma ya ƙara maka. In ka yi ta ja masa rai, kafin mako ya zagayo duk masu kantin garin sun ji labarinka.

A ƙauye wannan ba wuya, don kowa ya san kowa. To, yaya za a yi a ƙasa irin Amurka, mai mutane fiye da miliyan 300? Banki bai san ka ba, bai san ubanka ba, ba kuwa mai unguwar da zai tambaya. Saboda haka suka mai da amana ta zama lissafi. Kowane baligi da ya taɓa cin bashin banki yana da labari a rubuce, kuma daga labarin nan ake fitar masa da maki. Za mu duba yadda abin yake, da kuma yadda mutum kan yi hasarar maki ba tare da ya cuci kowa ba, sai don kawai ya ajiye katinsa a akwati ya manta da shi.

Mene ne katin bashi?

Da yawa daga cikinmu mun ga katin banki, wanda ake sa wa a na'ura a ciro kuɗi. Wannan kuɗinka ne da ka ajiye kake cira. In sun ƙare, shi ke nan, na'ura ba za ta ba ka ko kwabo ba.

Katin bashi kamanninsu ɗaya, amma aikinsu dabam. Da shi kuɗin banki kake kashewa. Banki ya yanka maka iyaka, ya ce kana iya sayen kaya har na dala kaza. Ka shiga kanti ka sayi abin da kake so, banki ya biya mai kanti. Ƙarshen wata ya aiko maka da takarda, ga abin da ka ci, ga ranar biya. Dokar Amurka ta ce lalle a aiko da takardar nan aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. In ka saba biyan duka kafin ranar, galibi ba ruwa a kan kayan da ka saya. In ka biya kaɗan ka bar saura, sai ruwa ya hau kan sauran, ruwan kuwa mai nauyi ne ƙwarai.

Abin ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarar 1950 wani mutum mai suna Frank McNamara ya fito da katin Diners Club a birnin New York, don masu cin abinci a manyan gidajen abinci. A 1958 Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno, cikin jihar Kalifoniya, da katinsa mai suna BankAmericard. Shi ne aka sāke wa suna a 1976 ya zama Visa. Yau a Amurka ba abin mamaki ba ne ka ga mutum ɗaya da kati uku ko huɗu a aljihu.

Masu rubuta labarin mutane

Akwai manyan kamfanoni uku a Amurka waɗanda aikinsu ke nan, tara labarin masu cin bashi. Sunayensu Equifax da Experian da TransUnion. Na farkon tsoho ne, tun 1899 aka kafa shi a birnin Atlanta, da wani suna dabam. Kowane wata bankuna kan aika musu da labari: wane yana da kati, iyakarsa kaza, ana binsa kaza, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Kamar dai a ce duk masu kantin ƙasa sun haɗa littafin bashinsu wuri guda.

Littafi irin wannan yana da tsawo, ma'aikacin banki ba ya da lokacin karanta na kowa. Sai aka nemi hanyar taƙaita shi. Wasu mutum biyu, Bill Fair injiniya da Earl Isaac masanin lissafi, suka kafa kamfani a 1956 don irin wannan aiki. Kamfanin shi ne ake kira FICO yanzu. A 1989 ya fito da makin da kusan kowane banki zai iya amfani da shi. Makin yana farawa daga 300, ya tsaya a 850. Mai maki da yawa shi ne amintacce. Mu sai mu kira shi makin amana.

Kamfanin bai bayyana asirin lissafinsa duka ba, amma ya faɗi abubuwan da yake aunawa. Mafi nauyi shi ne biya a kan lokaci, kashi 35 cikin ɗari. Na biye shi ne yawan abin da ake bin mutum, kashi 30. Daɗewar mutum cikin harkar bashi, kashi 15. Sabon bashin da ya nema kwanan nan, kashi 10. Irin basussukan da yake riƙe da su, watau ko na kati ne kaɗai ko har da na mota da na gida, shi ma kashi 10. Ku riƙe na biyu da na uku a zuciya, don nan maganarmu take.

Don me banki zai rufe katin wanda bai yi laifi ba?

Mutum ya karɓi kati, ya yi amfani da shi shekara biyu, ya biya kome. Sa'an nan ya sami wani katin da ya fi masa daɗi. Ya jefa na farko a akwati. A ganinsa ya yi abin kirki, tun da ba ya cin bashi. Wata rana ya ɗauko shi ya je kanti, na'ura ta ƙi karɓa. Ya buga wa banki waya, a ce masa ai an rufe tun watanni.

Banki ɗan kasuwa ne. Yana samun riba ta hanya uku a kan kati. In ka sayi kaya, mai kanti yakan biya ɗan kamasho. In ka bar bashi ya kwana, ka biya ruwa. Wasu katunan kuma akwai kuɗin shekara. Katin da ke kwance a akwati, in ba na kuɗin shekara ba ne, ba ya kawo wa banki ko ɗaya. Ga shi kuwa banki ya ɗaure kansa da alkawari, ya ce ko yaushe ka ga dama kana iya kwasar dala dubu kaza. Wa ya sani ko ranar da za ka ɗauko katin ita ce ranar da aiki ya kuɓuce maka, ba ka da abin biya? Har ila yau, katin da mai shi ba ya dubawa shi ɓarayi suka fi so, don sai su daɗe suna ci ba a farga ba. Saboda haka banki ya gwammace ya janye alkawarinsa ya ba wani mai saye.

Lokacin da kasuwa ta lalace abin ya fi yawa. A 2008 da 2009, sa'ad da harkar kuɗi ta rikice a Amurka, bankuna sun rufe katuna masu ɗimbin yawa, wasu kuma suka rage musu iyaka. Haka aka sāke gani a 2020, lokacin annobar korona.

Doka ba ta hana su ba. Ƙa'idar gwamnatin tarayyar Amurka ta ce ba a rufe wa mutum kati don kawai yana biyan bashinsa duka ba ya ba da ruwa. Amma ta yarda a rufe katin da ya yi wata uku a jere ba a saye da shi, ba a kuma bin mai shi kome a kai. Wannan shi ne mafi ƙarancin lokaci. Bankuna da yawa sukan jira fiye da haka, wani rabin shekara, wani shekara guda ko fiye, kowane banki da al'adarsa. Wani abin kuma, dokar tarayya ba ta tilasta wa banki ya yi gargaɗi kafin ya rufe katin da ya kwanta ba. Wasu sukan aiko da wasiƙa, wasu sai bayan sun rufe. A ganinmu wannan bai kyautu ba. Mutumin da ya shekara goma yana hulɗa da kai ya cancanci ko da layi biyu na sanarwa.

Dā wasu bankuna sukan ci mutum tara in ya bar kati ya kwanta. Bayan dokar katin bashi ta 2009, aka hana wannan tara daga watan Agusta na 2010. Tarar ta tafi, amma ikon rufewa yana nan.

Mu yi lissafi

Yanzu kowa ya ɗauko allonsa ko takardarsa, don wannan wurin sai da lissafi.

Masu auna maki ba yawan bashi kaɗai suke dubawa ba. Suna gwada abin da ake binka da abin da aka yarda ka ci. Wanda aka yarda ya ci goma ya ci biyu, ana ganin yana da kamun kai. Wanda aka yarda ya ci goma ya ci tara, ana ganin ruwa ya kusa kai masa wuya.

Mu ce ga wani direban mota yana da kati biyu. Na farko iyakarsa dala 4,000, da shi yake sayen mai da abinci. Na biyu iyakarsa dala 6,000, yana akwati. In an haɗa, iyakarsa duka dala 10,000 ke nan. Ana binsa dala 2,000. Biyu cikin goma, watau kashi 20 cikin ɗari. Wannan ba laifi.

Sai banki ya rufe na akwatin. Iyakarsa ta koma dala 4,000 kaɗai. Bashin bai ƙaru ba, har yanzu dala 2,000 ne. Amma 2,000 cikin 4,000 rabi ne, watau kashi 50 cikin ɗari. Direba bai sayi ko allura ba, bai makara da biya ko sau ɗaya ba, ga shi a takarda ya zama kamar wanda ya nutse. Masu ba da shawara a can sukan ce kada a wuce kashi 30, in an yi ƙasa da haka sosai ya fi. Da banki ya aika da labarin wata, sai makinsa ya sauka.

Nawa zai biya don ya koma kashi 20? Kashi 20 na 4,000 shi ne 800. Ke nan sai ya biya dala 1,200 a lokaci guda. Ga mai abin hannu wannan ba kome ba ne. Ga direba kuwa kuɗi ne.

Amma ku lura da wani abu. In da ba a bin direban kome, ko abin da ake binsa ɗan kaɗan ne, rufe katin ba zai yi masa wata ɓarna ta wannan fuska ba. Dala 100 cikin 10,000 kashi ɗaya ne, cikin 4,000 kuma kashi biyu da rabi. Duka ƙanana ne. Ashe wanda abin ya fi cuta shi ne mai ɗauke da bashi a wani katin.

Maganar daɗewa

Mutane da yawa suna tsammani da an rufe tsohon kati shekarunsa sun ɓace nan take. Ba haka ba ne. Katin da aka rufe da kyakkyawan labari yakan zauna a littafin mutum har wajen shekara 10, kuma lissafin FICO yana ci gaba da ƙirga shekarunsa muddin yana cikin littafin. Sai ranar da aka share shi tukuna tarihin mutum zai gajarta. Saboda haka wannan ciwo ne mai zuwa a hankali. Kuma rubutun da akan yi cewa banki ne ya rufe, ba mai kati ba, shi kansa ba ya rage maki.

Labarin makara kuwa dabam ne. In mutum ya wuce ranar biya da kwana 30, banki yana iya kai ƙararsa ga kamfanonin nan uku, tabon kuwa yakan zauna shekara 7. Rufe katin ba ya wanke shi.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan, ga mai kati ɗaya tak. FICO ba ya fitar wa mutum maki sai yana da aƙalla asusu guda da ya kai wata shida da buɗewa, da kuma asusun da aka aiko da labarinsa cikin wata shidan da suka wuce. In katinka ɗaya ne, aka rufe, ba ka da bashin mota ko na gida, bayan wani lokaci sai labari ya daina zuwa. Ranar da ka je neman wani abu, a duba a ce ba ka da maki sam. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu da ke zaune a can, irin na unguwar Bronx a New York, waɗanda sukan zo gida ganin dangi su yi shekara guda. Mutum ya bar katinsa a can, ya koma ya tarar an rufe, amanar da ya shekara yana ginawa ta yi rauni.

Ina ruwan mutum da maki?

Wani zai ce, to, in ba na son bashi, maki ya sauka mana. A Amurka ba a faɗin haka da sauƙi. Gida a can da bashin banki akasari ake saye, ana biya har shekara 30. Tun 1995 manyan hukumomi biyu masu sayen basussukan gidaje, Fannie Mae da Freddie Mac, suka shawarci masu ba da bashi su riƙa duba makin FICO. Mai maki da yawa a ba shi da ruwa kaɗan, mai maki kaɗan a tsawwala masa, ko a hana shi.

Mu gwada da misali. Mutum biyu kowa ya ci bashin dala 200,000 don sayen gida. Aka sa wa ɗaya ruwa kashi 6 a shekara, ɗaya kashi 7. A shekarar farko na farkon zai biya ruwa wajen dala 12,000, na biyun wajen dala 14,000. Bambancin wajen dala 2,000 ne a shekara ɗaya, ga kuwa sauran shekaru suna tafe.

Ba nan ya tsaya ba. Masu gidajen haya sukan duba labarin mutum kafin su ba shi ɗaki. A jihohi da yawa kamfanonin inshorar mota suna dubawa kafin su yanka kuɗi. Har mai ɗaukar ma'aikata yana iya neman ganin littafin, in mai neman aikin ya yarda a rubuce. Saboda haka mafi munin lokacin da za a rufe wa mutum kati shi ne dab da zai nemi gida ko mota.

Yadda ake kiyayewa

Maganin ba shi da tsada. Rijiyar da ake ɗiba ba ta cushewa. Mai kati ya riƙa ɗauko shi bayan kowane wata biyu ko uku, ya sayi ɗan abin da dā ma zai saya, ko burodi ne, ya biya duka kafin ranar biya. Wasu sukan ɗora wa katin wani ƙaramin biya na wata-wata, kamar kuɗin waya, su kuma umarci bankin ajiyarsu ya riƙa biyan katin da kansa. Ta haka ko mutum ya yi tafiya, katin yana motsi. Sai dai a riƙa duba takardar wata, don wanda ya manta da bashin dala 10 har ya makara ya jawo wa kansa abin da ya fi rufe kati muni nesa ba kusa ba.

Akwai wata magana da ke yawo cewa wai sai ka bar ɗan bashi ya kwana ka biya ruwa kāna makinka ya hau. Ƙarya ce. Biyan duka a kan lokaci ya isa. Wanda ya bar saura da gangan kyauta kawai yake yi wa banki.

In kuwa an riga an rufe, mutum ya buga waya da wuri ya roƙi a sāke buɗewa. Wani banki yakan yarda, wani ya ce sai dai a nemi sabo. Neman sabo yana da ɗan nasa kuɗin goro: banki zai binciki littafinka, alamar binciken ta zauna shekara 2, ko da yake FICO na shekara ɗaya kaɗai yake ƙirgawa. Hanya mafi sauƙi ita ce rage bashin da ke kan sauran katuna. A yawancin lissafin da bankuna ke amfani da shi, abin da ake binka a watan nan ake dubawa. Da ka biya, labari ya isa, maki ya farfaɗo. Mutum yana kuma iya roƙon bankin katin da ya rage ya ɗaga masa iyaka, in dai ya san zai iya riƙe hannunsa.

Ba kowane kati ya cancanci a riƙe ba. In kati yana cin kuɗin shekara mai yawa, ba ka kuwa amfani da shi, wauta ce ka yi ta biya don tsoron maki. Ka tambayi banki ko zai canja maka shi da irin wanda ba a biya wa kuɗin shekara, ya bar maka iyakarka da shekarunka. Haka kuma wanda ya san kati a aljihunsa fitina ne, da ya gan shi sai ya kashe abin da ba shi da shi, gara a rufe. Maki yana dawowa. Bashi mai ruwa kuwa ya fi wuyar fita.

Dokar Amurka ta 1970 ta ba kowa ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, da ikon ƙalubalantar kuskure. Wata doka ta 2003 ta ƙara da cewa kowane ɗaya daga cikin kamfanonin uku ya ba mutum littafinsa kyauta sau ɗaya a shekara. Daga baya kamfanonin suka yarda a riƙa dubawa kyauta kowane mako, suka kuma tabbatar da haka a 2023. Mai duba littafinsa da kansa ba ya rage wa kansa maki ko ɗaya.

A nan gida fa?

Katin bashi bai yaɗu a Nijeriya kamar yadda ya yaɗu a Amurka ba, yawancin katunan da muke gani na cirar kuɗin ajiya ne. Amma littafin masu cin bashi ya iso. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Bankin Nijeriya da ke wannan aiki, watau CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, kuma a 2017 aka kafa dokar da ta tsara aikinsu. Lambar BVN, wadda aka fara a 2014, ta sa duk bankuna suna iya gane mutum ɗaya ne ko da ya buɗe asusu a wuri biyar. Wanda ya ci bashin taki a wannan banki ya ƙi biya, in ya je wancan za a iya ganin sunansa. Wanda ya biya a kan lokaci, shi ma an rubuta.

Asusun ajiya ma yakan kwanta a nan. In aka shekara guda ba a taɓa shi ba, banki yakan ɗauke shi a kan ya yi barci, ya tsai da cirar kuɗi daga cikinsa. Kuɗin mai shi ba su ɓace ba. Amma sai ya tuntuɓi banki, da shaidar ko shi wane ne, ya cika takarda ya sa hannu, kāna a farkar da asusun.